Murɗa Uku a Bayan Wuyan Fanwell Mhone

Tun shekarar da a-kori-kura ta kife da su a gangaren hanyar Mzuzu, Fanwell Mhone bai ƙara iya kai hannu bayan wuyansa ba. Kafaɗar dama ta ɗoru, amma ta ɗoru a karkace, in ya ɗaga hannun iyakarsa kunne. Na hagun kuwa dama gajere ne irin na 'yan gidansu, ga ƙirji kamar randa. Da wani ne, iyakar damuwarsa ya nemi mai cuɗa masa baya. Amma Fanwell mai nutso ne, kuma famfon tukunyar iskar mai nutso a bayan wuya yake zama.

Ni ne Lackson Kamanga, abokin nutsonsa na shekara ashirin da uku. Ni nake buɗe masa famfon.

A Usisya aka haife shi, ɗan masunci jikan masunci. Tun yana shekara tara, in taru ta maƙale a dutse shi ake cillawa daga kwale-kwale ya kwanto ta da numfashi ɗaya. Ya zo Nkhata Bay neman aiki a jirgin fasinja, bai samu ba, sai ya faɗo makarantar nutso da wata Baturiya ta buɗe a bakin tafki. Madam muke ce mata har yau da ta yi furfura. Ni a lokacin wankin kayan nutso nake yi, shi aka ba shi dakon tukwane. Ranar da Madam ta fara sa masa tiyon shaƙa a baki ta danna shi ƙasa, bai yi minti biyu ba ya taso yana dariya har ya ƙware.

"Lackson!" ya ƙwala mini kira. "Ashe duk shekarun nan zaluntata aka yi! Mutane na da iska a tukunya, ni ubana yana jefa ni da huhu biyu!"

Tare muka koya, tare muka ci jarrabawa, tare muka fara kai baƙi ƙasa su ga kifayen duwatsu masu launi. A sana'armu ba a shiga ruwa sai mutum biyu, kuma kafin a shiga kowa sai ya duba kayan ɗan'uwansa. Bayan haɗarin mota sai muka samu namu tsarin. Fanwell zai haɗa kayansa a shago, ya ɗan murɗa famfon kaɗan don ya ga allurar agogon iska ta tashi, ya tabbata tukunya a cike take. Daga nan ya saɓa ta a baya ya gangara. A bakin ruwa ni zan kama famfon in murɗa sau uku har ya tsaya, in buga masa kafaɗa sau biyu. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Shi hannunsa ya saba da rabin farko, ni nawa ya saba da rabin ƙarshe, muka yi ta tafiya a haka sau dubbai.

Duk mai nutso ya san sharrin famfon da aka ɗan buɗe. Allura za ta nuna maka tukunya cike. A saman ruwa za ka shaƙa lafiya lau. Sai ka yi zurfi, inda ƙirji ke neman iska ninki uku, sannan za ka ja ka ji kamar an toshe maka baki da tsumma. Fanwell da kansa yake koya wa ɗalibai wannan. Yakan tsayar da su a ruwa iya ƙirji, ya sa su durƙusa, ya zaga ta baya ya rufe wa ɗaya famfo don ya ɗanɗana. In ɗalibin ya taso ido waje, sai ya tambaye shi: "To, malam, yanzu da kai kaɗai ne a mita ashirin, wa za ka kira? Uwarka?" Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Ba a nutso mutum ɗaya. Ko kifi ka ga yana yawo shi kaɗai, ba shi da lafiya."

A tudu mutum ne mai cika wuri. In yana ciniki a kasuwa, ana jin sa daga tashar mota. Da rani yakan sa fararen kaya ya shiga rawar malipenga da mazan unguwarsu, hannun dama a maƙale, yana taku kamar shi ya ƙirƙiro ta. Zai ci tuwon rogo, kondowole, har ya kasa tashi, da ƙananan kifi ko ganyen rogo, amma ko kusa ba ya cin kampango, babbar tarwaɗar tafkinmu. Matarsa NyaLongwe ta gaji da wannan tsirfa.

"Ɗan masunci wai ba ya cin kifi," takan ce. "Ada Kamanga, don Allah ka taɓa ganin irin wannan iyayi?" Ada take ce mini, wato Malam a yarenmu.

"Ba kifi ne ba na ci ba," in ji shi. "Maƙwabtana ne ba na ci. Ke kya ci maƙwabciyarki?"

"Wata ranar har sha'awa nake yi."

Maƙwabtan nan nasa suna ƙarƙashin wani ƙaton dutse a mita ashirin da huɗu, daura da ɗan lungun ruwan da ke bayan shagonmu. Kampango biyu ne, mace da namiji, suna gadin 'ya'yansu a wani rami. Ranar Lahadi ba ma aiki, kuma ita ce ranar da muke nutso don kanmu, da sassafe kafin coci. Yakan ce duk mako shi ba ya ganin tafki, idon baƙi yake kallo da allurarsu, wannan ya tsorata, wancan ya yi sama, wata ta jefar da takalmin iyo. Lahadi ce kawai yake kwanciya a kan yashi ya harɗe hannu ya kalli maƙwabtansa. Ni kuma ina gefensa ina kallon allurarsa.

Sai kunnena ya lalace. Na hagun ya fashe sau biyu a shekara ɗaya, aka yi mini aiki a Mzuzu, likita ya ce in na sake nutso, na ukun ba gyara, kurma zan zama ta wannan ɓangaren. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Madam ta mayar da ni kan injin ɗura iska. A ranakun aiki Fanwell yana shiga da sauran ma'aikata, ni nake buɗe masa famfo a bakin jirgi kamar kullum. Lahadi ce matsalar. Na ce ya nemi wani su riƙa shiga tare.

"Wa? Waɗannan masu wutsil-wutsil ɗin? Su kore mini maƙwabta?"

"To ka haƙura da Lahadin."

"Kai dai ka haƙura da kunnenka, Kurma. Ni ban haƙura da komai ba. Ka zo ka zauna a kan dutse ka kalli kumfata. Ai abokin nutso ne, sai dai na tudu."

Na san maganar banza ce. Mutumin da ke kan dutse ba abin da zai yi wa wanda ke mita ashirin da huɗu. Amma na je. Shekara uku ina zuwa. In buɗe famfo, in buga kafaɗa sau biyu, ya sace iskar rigar nutsonsa mai riƙe shi a saman ruwa gaba ɗaya ya kifa kai ƙasa ya sulale, don shi ba ya saukar hankali irin ta baƙi. Ni in zauna ina bin kumfa da ido minti hamsin. Ya fito mu sha shayi da ƙosan fulawa, ya shigo coci ana tsakiyar wa'azi da jiƙaƙƙen kai, mata suna zunɗensa. Madam ta sani. Ta yi faɗa sau biyu, ya ce mata ya fi shekara ashirin yana shiga wannan lungun, ya san shi fiye da ɗakin matarsa. Ta ƙyale shi, don a gaskiya ba mai nutso a gaɓar nan da ya kai shi.

Wata Lahadi a watan Mayu kumfar ta tsaya wuri ɗaya ta yi yawa, irin ta mai haki. Na miƙe tsaye a kan dutsen ba abin da zan iya. Can ya taso nesa da inda ya saba, ya jawo jiki da hannu ɗaya. Jijiyar ƙafa ce ta ɗaure masa a ƙasa. Ya mayar da abin wasa, ya ce tsufa ne ya aiko da gaisuwa. Amma ya yi ɗingishi har gida, kuma NyaLongwe ba makauniya ba ce.

Ranar Alhamis ta same ni a ɗakin inji. Ba ta taɓa shigowa nan ba. Ta jira na kashe injin, ta tsaya a bakin ƙofa da kwandon rogo a ka, ba ta ko sauke ba.

"Ada Kamanga, shekarar abokinka hamsin da takwas."

"Na sani."

"Na yi magana, 'ya'yansa sun yi magana, 'yarmu Tiwonge har kuka ta yi masa ta waya daga Lilongwe. Ba ya jin kowa. Amma ni na lura da abu ɗaya. Bai taɓa shiga ruwan nan ba sai ka taɓa masa abin nan na baya. Ko sau ɗaya."

"Haka ne."

"To ka daina taɓawa mana! Kai kake ba shi hanya. In ka ƙi zuwa, ina zai je? Ka rufa mini asiri, Ada. Ban shirya zaman takaba ba."

Maganarta ta shige ni, don abin da nake faɗa wa kaina ke nan shekara uku. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama.

Ranar Asabar da la'asar muna jera tukwanen baƙin Litinin na gaya masa. Na ce gobe ba zan zo ba, kuma ba zan ƙara zuwa ba sai ya samu wanda zai shiga da shi.

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ta zo wajenka ke nan."

"Ko ta zo ko ba ta zo ba, gaskiya ce. Kai ne fa kake rufe wa 'ya'yan mutane famfo kana tambayarsu wa za su kira."

"Su ɗalibai ne."

"Ruwa ya san ɗalibi? Tsohon kada kawai, ƙafa ta ɗaure maka, kafaɗa a karkace, kana nan kana cika baki."

Nan fuskarsa ta canja. "To ka shigo mana. Ga kaya nan. Kunne ɗaya ne fa, Lackson. Kana da biyu. Ni kafaɗa ɗaya gare ni ina shiga. Kai ka bar ni a ƙasa ni kaɗai, ba ni na bar ka ba."

Wannan ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta. Ni kuma in abu ya yi mini zafi bakina ba ya da linzami. Na ce, "Je ka ɗin. In ga wanda zai buɗe maka." Na ja ƙofa na tafi. Ita ce magana ta ƙarshe da na yi masa a duniya, kuma a cikinta na ambaci famfon, amma a matsayin gori na ambace shi, ban ce masa ka kula ba. Har ga Allah na ɗauka ba zai je ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa zai je, hannunsa ya yi rabin da ya saba, ya saɓa tukunya ya gangara cikin fushi, ba wanda zai tuna masa akwai sauran rabi.

Da safe na yi wanka na sa kwat na tafi coci tun kafin a buga ƙararrawa, abin da na yi shekaru ban yi ba. Ina zaune ina jin daɗin kaina. NyaLongwe tana ɓangaren mata da farar rigar ƙungiyarsu, ta waiwayo ta gan ni, ta ɗan sunkuyar da kai alamar godiya. Aka yi waƙa, aka yi karatu, aka shiga wa'azi. Wajen zaman Fanwell ba kowa. Na ce a raina yana gida yana kumbure-kumbure, zai huce. Wa'azin ranar ya yi tsawo, sai kusan sha biyu aka tashi.

A bakin ƙofa ta tare ni tana murmushi. "Ina ka baro mutumin naka? Tun da asuba ya fita, na ce wajenka ya tafi lallashi."

Na ruga da kwat ɗin da takalmin coci. A shago, layin tukwanen da muka jera jiya goma sha biyu ne, na tarar da sha ɗaya. A lungun, rigarsa ta gida tana ninke a kan dutsena, da makullin shago a kai, da ƙosan fulawa biyu a takarda. Biyu ya sayo. Ruwan shiru, ko kumfa ɗaya babu.

Madam ta sauko daga bene da na yi ta dukan ƙofa. Tana ganin fuskata ta ɗauko kayanta. Da ta ga ni ma ina haɗa nawa ta ce, "Lackson, kunnenka."

Na juya mata baya na ce, "Buɗe mini."

A wajen mita goma kunnen ya fashe. Na ji ruwan sanyi ya shige cikin kaina, duniya ta yi ta juyawa, na riƙe hannun Madam har ta tsaya. Ta yi mini alama mu koma sama, na girgiza kai. Ashe abin da na ƙi bayarwa shekara uku ke nan, zafin minti ɗaya da jiri.

Yana nan gindin dutsen, a kwance ta gefe, tiyon ya fita daga bakinsa. Ɗamarar dalmar da ke danne shi ƙasa tana ƙugunsa. Ban san me ya hana shi yar da ita ya yi sama ba, na yi ta tambayar kaina har na gaji. Wataƙila ya ga famfon ya fi kusa. Don hannunsa na dama a ɗage yake, ya lanƙwasa shi baya iya ƙarfinsa, yatsun suna daidai kunne. Tsakaninsu da famfon bai fi taƙi ɗaya ba.

Ban yi tunani ba, hannuna ne ya je da kansa. Na kama famfon na murɗa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya tsaya. Na duba allura, tukunya a cike, abin da ya sha bai kai na minti huɗu ba. Na danna maɓallin rigar nutsonsa, iska ta shiga nan take, rigar ta kumbura, ya ɗago daga yashi a hankali. Da iskarsa muka hau da shi. Kafin mu tashi na ga hannuna ya buga masa kafaɗa sau biyu, ni ban sa shi ba. Madam ta gani ta kau da kai. Maƙwabtan nasa suna bakin raminsu su biyu, 'ya'yan suna ƙarƙashinsu, ba su ko motsa ba.

Kafin mu fito gaɓar ta cika da mutanen coci. Mata suka riƙe NyaLongwe, ta ƙwace, ta shigo ruwa har gwiwa da farar rigarta. Ba ta yi ihu ba tukuna. Ta dafa fuskarsa, ta dubi tukunyar, ta dube ni. Jini yana bin wuyana daga kunne.

"Ada Kamanga, iskar ce ta ƙare masa?"

Agogon iskar yana hannuna. Na juya fuskarsa na manna a cinyata.

Na ce, "E. Ta ƙare."

Da 'yan sanda suka zo, ni da Madam mun gaya musu yadda muka same shi, suka rubuta. NyaLongwe ba ta taɓa neman takardar ba, 'ya'yan ma in sun karanta ba su nuna ba. Aka kai shi Usisya a jirgi aka binne shi kusa da ubansa, 'yan malipenga suka raka shi da fararen kayansu, ba kiɗa. Bayan mako biyu aka dawo mana da tukunyar. Madam ta ce in sace iskar a wanke ta. Na kai ta bayan shago na buɗe famfon kaɗan, na zauna a ƙasa ina jin tana fita da kunnen da ya rage mini. Iskar minti hamsin ce, da shayi da ƙosai a bayanta, da shiga coci a makare. Na yi kuka a wajen kamar ba namiji ba, kuma ban rufe ba sai da ta ƙare.

Shekara huɗu ke nan. Ina nan a ɗakin inji. Akwai mai nutso ɗaya ko biyu duk shekara, ƙwararru, masu takardu, da za su zo su ce in ba su tukunya su shiga lungun su kaɗai, ai kusa ne. Ba na musu da su, ba na kuma ba su. Wani Bature ya taɓa ce mini mai taurin kai, na ce na gode.

Duk Lahadi bayan coci NyaLongwe takan aiko a kira ni cin abinci. Takan yi kondowole da ganyen rogo, har yau ba ta dafa kampango a gidan. Mukan zauna a baranda muna kallon tafki, ta ba ni labarin jikoki. Kusan kullum, in an kwashe kwanuka, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ni dai abu ɗaya ke sanyaya mini rai, Ada. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ni da kai. Da ka je ranar ma, ba abin da za ka iya yi daga kan dutse."

Nakan zaɓi kujerar da za ta sa mataccen kunnen ya kasance ta wajenta. Amma barandar ƙarama ce, na daman yana ji.

Sai in ce, "Haka ne, NyaLongwe. Mun yi."